Inci Shida a Gadar Tilden

Ƙarfe goma da minti ashirin na safiyar Juma'a aka tsinci Odessa Pruitt, mai rabon wasiƙu, a cikin motarta a tsakiyar tsohuwar gadar Tilden, azara ta faɗo mata ta gilashin gaba. Kafaɗarta ta karye, wasiƙun rabin gari sun watse a ƙasa, ita kuwa tana zaune tana zagin duk wanda ya matso kusa.

Gadar ta katako ce mai rufi, kamar dogon zaure da aka ɗora a kan kogi, ta haura shekara ɗari da arba'in. Mutanen Tilden ba su da wani abin nuna wa baƙo da ya wuce ta. Shi ya sa kafin Saje Corinne Haas ta iso, jama'a sun cika bakin gadar, kuma in za a faɗi gaskiya, masu jajanta wa azara sun fi masu jajanta wa Odessa yawa.

Corinne ta durƙusa gefen gadon da masu motar asibiti suka ɗora matar a kai.

"Inna Odessa, wa kika gani?"

"Azara na gani, 'yar nan. Ita ma ta gan ni."

"Kafin nan fa? A hanya?"

"Motar gas, farar nan ta Beto. Na wuce ta tana sauke gas wajen kwanar makaranta. Ki ce wa wani ya tattara mini wasiƙuna kafin iska ta kai su kogi."

Corinne ta shiga gadar ta bakin gabas, kanta a sama. Allon ƙofa lafiya lau, da rubutun tsayin gadar: ƙafa goma sha uku. Azara ta ɗaya lafiya, ta biyu lafiya, ta uku ma ko ƙwarzane babu. Ta huɗu ce aka daka. Da ganin karayar, ba nan take ta faɗo ba, tsagewa ta yi ta rataye, sai da motar Odessa ta girgiza katakon ƙasa sannan ta saki. A ƙarƙashinta akwai gutsattsarin farar roba mai kauri. Corinne ta tsince su ta zuba a leda.

Ta bakin yamma, a gefen titi inda ƙasa ke da laushi, ta sami inda wani abu mai aksul biyu, wato tayoyi jeri biyu gaba da baya, ya tsaya. Sawun tayoyin faɗi gare shi, zanensa ya fito raɗau, alamar sababbi ne. Ga kuma sawun takalmi ya taso daga nan, ya koma bakin gada, ya tsaya, ya dawo. Wato mutumin ya sauko, ya ga abin da ya yi, ya hau motarsa ya tafi bai gaya wa kowa ba. Wannan shi ne laifin. Karya azara tsautsayi ne, barinta rataye a kan hanyar mutane kuwa magana ce ta kotu.

Tana cikin ɗaukar hoto mahaifinta ya iso a a-kori-kurarsa. Wendell Haas shi ne shugaban kwamitin kula da gadar tun Corinne tana 'yar makaranta. Shi ya rubuta allon ƙofar da hannunsa. A kowane taron gari sai ya miƙe ya tuna wa mutane cewa azara ta huɗu ta sauko da inci uku, don haka gaskiyar tsayin gadar ƙafa goma sha biyu ne da inci tara, har yara suka haddace suna kwaikwayonsa. Mutum ne da in ya ga guntun sigari a gadar sai an ji muryarsa daga tsallaken kogi. Ran nan kuwa ya cire hularsa, ya tsaya yana kallon azarar kawai.

"Baba, ka koma gida," in ji Corinne. "Zan nemo maka shi."

Wani daga cikin taron ya ce, "Nema kuma na mene ne? Ai Odessa ta faɗa. Beto ne."

Nan fa baki ya buɗe. Wannan ya ce da ma gudu gare shi, wancan ya ce mutanen nan da suka zo jiya-jiya me suka sani game da gada. Wendell ya mayar da hularsa, ya juya ya shiga mota. Corinne ta ɗauka baƙin ciki ne ya ɗaure masa baki, har tausayinsa ya kama ta.

Ta fara da filin saukar masu tirelolin kwana, gidajen nan masu taya da ake ja da mota, da ke bakin kogi, don farar robar nan ta yi mata kama da murfin na'urar sanyi da ake ɗorawa a rufinsu. Mafi girma a filin ta wani Vance Dorrow ce, ɗan birni, mai tabarau a goshi, ya zo kallon launin ganyen kaka.

"Ka bi ta gadar katako yau da safe?"

"Da wannan?" Ya yi dariya, ya buɗe ƙofar motarsa ya nuna mata. A gaban sitiyari akwai guntun salatif da aka rubuta tsayin tirelar a kai, kamar yadda duk mai jan irin waɗannan gidaje yake yi, don kada ya zo bakin gada ya tsaya tunani. Nasa ya ce ƙafa goma sha uku da inci shida. "Da na gwada, Saje, da allon ƙofar zan fara kwashewa, ba sai na kai ciki ba."

Gaskiyarsa. Corinne ta hau tsanin baya ta leƙa rufin, na'urorinsa biyu suna nan ba abin da ya same su. Ta yi masa godiya, ta ba shi haƙurin ɓata masa lokaci. Salatif ɗin ya tuna mata da na motar babanta, wanda shi ma yake da irin tirelar, mai ƙafa goma sha biyu da inci huɗu, da rubutun mahaifiyarta Marlys, wadda ta rasu shekara uku da suka wuce. Ta yi murmushi ta wuce.

Rigoberto Salcedo, wanda kowa ke kira Beto, ba a ba shi haƙurin komai ba. A tsakiyar rabon gas ta tare shi, ta sa ya bi ta ofis.

"Ka bi ta gadar yau?"

"A'a, Saje."

"Ka tabbata?"

"Ta babbar hanya na zagayo."

Ta ajiye masa hoton da kyamarar wani gidan gona ta ɗauka: farar motarsa tana fitowa daga gadar ƙarfe goma saura kwata. Beto ya sunkuyar da kai.

"To, na bi. Na makara ne, zagayen mil goma sha ɗaya ne. Na san an hana motar gas hawa gadar, shi ya sa na ce a'a. Amma na fita azarar tana nan ƙalau."

"Ƙwarzanen da ke saman tankinka fa?"

"Reshen bishiya ne, tun makon jiya."

"Wa ka gani a hanya?"

Ya ɗago ya dube ta, ya dubi sunan da ke maƙale a ƙirjinta, ya mayar da ido kan tebur.

"Motoci dai, Saje."

Awa huɗu ta riƙe shi. Da ma an ce mutumin da ya yi ƙarya sau ɗaya a gaban Corinne ya gama yawo, haka take tun tana ƙaramar 'yar sanda, kuma tana alfahari da hakan. Ta buga wa kamfaninsa waya, suka dakatar da shi nan take. Shugabanta ya ce ta shirya takardar tuhuma zuwa safiyar Litinin. Da zarar takardar ta shiga kotu, lasin Beto na tuƙa babbar mota ya tafi, shi ne kuwa abin da yake ciyar da mace da 'ya'ya uku da shi. Corinne ta buga takardar tun yammacin Juma'a, ta sa a aljihun tebur, ta tafi gida da jin cewa ta yi aiki.

Da safiyar Asabar ta iske shi zaune a dakalin ofis, da tef ɗin awo a hannu, irin mai ƙafa ashirin da biyar, ya sha jiki har fentinsa ya goge.

"Saje, jiya kin tambaye ni abubuwa da yawa," in ji shi. "Abu ɗaya ne ba ki tambaya ba. Ga shi, motar tana bayan ofishinku. Ki auna."

Ta auna. Shi ya riƙe mata ƙasan tef ɗin, ita ta hau. Ƙafa goma da inci takwas. Ko tsalle motar ta yi ba za ta taɓa azara ta huɗu ba. A cikin ƙwarzanen kuwa har da ɓawon bishiya a maƙale. Kuma a tankin ƙarfe ina za a sami farar roba? Tayoyinta na baya ma aksul ɗaya ne, ba biyu ba.

Tana kan motar kunya ta rufe ta. Ɗan birni ya nuna mata guntun salatif ta yarda, har da godiya. Wannan kuwa ta tsare shi rabin yini, ta raba shi da aikinsa, ba ta ko ɗaga kai ta dubi tsayin motarsa ba. Duk abin da ya wanke shi yana cikin hotunan da ita da kanta ta ɗauka. Ta daɗe a sama tana yi kamar tana duba wani abu, don dai kada ta sauko su haɗa ido.

"Ara mini tef ɗin nan," ta ce da ta sauko.

"Takardar fa?"

"Ba ni zuwa Litinin."

Shugabanta bai ji daɗin labarin ba. Ya ce gari ya riga ya yanke hukunci, mutumin ya yi ƙarya, ya kuma hau gadar da aka hana shi. In ba ta kawo wani suna ba, takardar za ta tafi yadda take, lauyoyi su je su yi ta awonsu a kotu.

Yinin Asabar gaba ɗaya ta yi shi tana hawa rufin mutane. Lissafinta mai sauƙi ne: abin ya shige ƙarƙashin allon ƙofa bai taɓa ba, ya daki azara ta huɗu, ke nan tsayinsa yana tsakanin ƙafa goma sha biyu da inci tara da ƙafa goma sha uku. Tirela tara ta samu masu aksul biyu a filin bakin kogi da cikin gari. Bakwai sun yi gajarta, biyu sun yi tsawo, babu mai fasasshen murfi. Ta goma ita ce ta babanta, wadda ba ta ko rubuta a jerin ba. Shekara goma sha takwas yana bi da ita ta gadar nan da rarar inci biyar, kuma tayoyinta tsofaffi ne sirara, waɗanda ta gaji da yi masa faɗa a kansu. Sau biyu suna fashe masa a hanya bara, har ta ce in bai canza su ba za ta ƙwace makullin.

Ran Lahadi da rana ta tafi gidansa cin abinci, kamar kullum tun rasuwar Marlys. Ta same shi a kicin yana yanka albasa, bai yi aski ba, rigar Juma'a ce a jikinsa.

"Ina tirela? Na ga rumfar babu komai."

"Tana baya. Rufin rumfar ne ke yoyo."

"A watan da ba a yi ruwa ba?"

"Kin zo cin abinci ne ko kin zo aiki?"

Ta yi dariya, ta ce wake da naman nan ba zai shiga wannan ƙaramar tukunya ba, bari ta ɗauko babbar ta Mama a cikin tirela. Ya buɗe baki zai yi magana, ta riga ta fita.

Tirelar na bayan gida, an rufa mata tamfol daga sama. Corinne ta zaro matakala, ta ɗaga ƙafa ba tare da ta duba ba, don ƙafarta ta san matakalar nan tun tana budurwa. Sai ji ta yi ƙwabrinta ya daki ƙarfe. Zafin ya ratsa ta har ƙeya. Ta dafe wurin, ta dubi matakalar. Ta ƙaura daga inda take, ta hau sama da kusan tsawon tafin hannu.

Ta daɗe a tsaye kafin ta yarda ta sunkuya.

Tayoyi huɗu sababbi fil, ko gashin robarsu bai kaɗe ba, manya, masu faɗi. A tsakanin na gaba da na baya akwai waigin katakon da babanta ya sassaƙa tun ranar da suka sayi tirelar, wanda ake cusawa tsakanin tayoyin biyu don kada ta gangara. An fere shi, farin katako ya fito a gefe biyu, ga ma ɓarɓashin a ƙasa. Da can dunƙulen hannunta yana shiga tsakanin tayoyin nan. Ta gwada, yatsu uku suka shiga da ƙyar. Ta leƙa ƙarƙashi. Sifirin da a da ke ƙarƙashin aksul yanzu yana samansa, da sababbin kusoshi suna ƙyalli.

Ta hau tsani ta ɗaga tamfol. Murfin na'urar sanyi babu shi, sai haƙoran farar roba a gefe, da tsinken tsohon katako a cushe cikin ƙarfen.

Da ta sauko yana tsaye a bayanta, da wuƙar albasa a hannu, ya manta ma yana riƙe da ita.

"Baba, ajiye wuƙar nan."

Ya dube ta, ya ajiye a kan matakala.

"Yaushe aka sa su?"

"Alhamis na kai. Juma'a da safe na ɗauko."

"A ina?"

"Wani gareji can gaba, mil arba'in daga nan."

"Duk masu taya na garin nan ba su ishe ka ba?"

"Shekara nawa ina yi wa masu manyan tayoyi dariya a garin nan? Na ce tayoyin gayu ne. Sai kuma a gan ni a layi?"

"Daga taya mai lamba sha biyar ka koma mai sha shida," in ji ta. Muryar aiki ta ɗauko, don in ta yi da tata ba za ta kai ƙarshe ba. "Wannan kaɗai ya ɗaga ka da inci ɗaya da 'yan kai. Amma manyan tayoyi ba su sami wuri ba, suna gugar jiki. Sai makanikin ya ce bari a mayar da sifirin saman aksul. Inci biyar ke nan. Ka shiga gadar da inci shida da ba ka saba da su ba. Allon ƙofa ya bar ka, azara ta huɗu ba ta bar ka ba. Ka tsaya a gefen yamma, ka sauko, ka duba. Ka dawo gida, tirelar ta ƙi shiga rumfa, ka zagayo da ita nan. Waigi ya ƙi shiga tsakanin tayoyi, ka fere shi. Akwai inda na yi kuskure?"

"Babu."

"Bai ce maka ka sake aunawa ba?"

"Ya ce. Har sau biyu. Na ce masa yaro, na fara jan tirela kafin a haife ka." Wendell ya shafa fuskarsa. "Na yi niyya in na iso gida in auna. Da na zo bakin gada sai na yi abin da nake yi kullum, na dubi salatif, na ga rubutun uwarki, sha biyu da huɗu. Shekara goma sha takwas ban taɓa yi wa rubutun nan musu ba. Na shiga."

Corinne ta zaro tef ɗin Beto daga aljihu.

"Riƙe ƙasan."

Ya durƙusa da ƙyar, ya danne bakin tef ɗin a ƙasa da babban yatsa. Ta hau, ta gitta katako a kan gefen na'urar da bai lanƙwashe ba, ta karanta. Ƙafa goma sha biyu da inci goma. Inci ɗaya tak ya fi azarar da ya shekara ashirin yana gargaɗin mutane a kanta.

"Tsautsayi ne wannan, Baba, kowa zai gane," ta ce daga sama. "Me ya sa ka tafi?"

"Tana rataye na bar ta. Na ce in kai tirela gida, in dawo da shinge, in buga waya kamar ni na fara gani. Rabin awa kawai nake so. Odessa ta zo a minti ashirin."

"A bakin gada kuma? Kana tsaye suka ce Beto."

"Na ji."

"Mutumin da ke kawo maka gas, yake tsayawa ya gyara maka bututu kyauta."

"Na buɗe baki, Corinne. Wallahi na buɗe. Na ga duk garin a wurin, na gan ki da kaki kina ce mini za ki nemo shi. Babu abin da ya fito." Yana nan durƙushe, yatsansa a kan tef, bai ɗaga kai ba. "Kwana biyu ina jira ki zo ki kama ni. Na ɗauka tun Juma'a za ki zo."

Wannan maganar ta fi dukan matakala zafi. Da ta zo tun Juma'a, da Beto bai kwana biyu yana kallon 'ya'yansa yana lissafin abin da zai gaya musu ba. Ta hau rufin baƙi tara, ta tsallake na gidansu, don kawai gidansu ne. Kuma ita ta matsa masa a kan tayoyin, ba ta taɓa ce masa in ya canza ya sake awo ba, ita da take taƙama da sanin aiki.

Wani tunani ya zo mata, kuma har ta mutu ba za ta daina jin kunyar cewa ya zo ba. Babu wanda ya san da garejin nan. Tamfol na nan. In ta yi shiru, lauyan Beto zai auna motar wata rana, a sake shi bayan wata shida ko takwas, ba lasin, ba aiki, amma a sake shi. Babanta ya haura saba'in. Tunanin bai fi ƙiftawar ido ba, ta sauko daga tsanin.

"Tashi, Baba. Ba ni zan ɗauki bayaninka ba, doka ba ta yarda ba. Zan kai ka wurin wani ɗan sandan. Daga can za mu asibiti."

"Odessa za ta zage ni."

"Za ta zage ka, kuma za ka tsaya ka ji."

Ya kashe murhu, ya ɗauki hularsa. A bakin a-kori-kurar Corinne ta buɗe ƙofa don ta ɗauki shaidar salatif ɗin. Ya yi rawaya, gefensa ya naɗe, lambar huɗu da 'yar ƙugiyar da Marlys ke yi mata.

"Kada ki ɓare shi," in ji Wendell.

Ta ɗauki hotonsa kawai, ta rufe ƙofar.

Da la'asar, bayan an gama rubuta bayanin, ta yaga takardar tuhumar Beto, ta buga wa kamfaninsa waya, sannan ta tafi gidansa da kanta. Ta same shi a tsakar gida yana gasa masara, matarsa na zaune a bakin ƙofa. Matar ba ta amsa gaisuwarta ba, Corinne kuwa ba ta ga laifinta ba.

"An gama, Malam Rigoberto. Gobe ka koma aiki. Tarar hawa gada ce kawai a kanka. Mun sami wanda ya yi." Ta dube shi ido cikin ido. "Mahaifina ne."

Beto ya juya masararsa.

"Na sani."

"Ka sani?"

"Na wuce shi wajen kwanar makaranta, yana nufar gada. Na ga tirelar ta yi tsawo, na ga sababbin tayoyi. Har na yi masa fitila, bai gane ba."

"Na tambaye ka wa ka gani. Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Kin tambaye ni, Saje. Ina zaune a ofishinki, na riga na yi miki ƙarya ɗaya, gari duka ya ce ni ne, sunan da ke ƙirjinki kuma shi ne sunansa. Ke da za ki yarda?"

Ta so ta ce e. Amma ta san ƙarya ce. Ta tsaya a tsakar gidan mutane da kakinta da bindigarta, ji take kamar ƙasa ta tsage ta shige.

"Ka yafe mini," ta ce.

"Ya wuce. Ki gaida Baba. Ki ce masa ranar Laraba zan kawo gas kamar kullum."

Ta zaro tef ɗin daga aljihu ta miƙa masa da hannu biyu. Ya dubi tef ɗin, ya dube ta, bai karɓa ba.

"Riƙe shi, Saje," in ji Beto. "Ni ina da wani a mota. Ke ce ba ki da shi."